Harafi Ɗaya Kan Sauya Lissafi: Tsarin Ƙwayoyin Gado Da Yawan Aikinsu, Tare Da Misalai Daga Unguwar Sabo Ta Ibadan

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ta dace ƙwarai da abin da masana ilimin gado suka gano a 'yan shekarun nan. Akan sami yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, gwajin asibiti ya nuna dukkansu suna da jinin SS, wato ciwon sikila ko amosanin jini. Ɗaya ba ya wata uku bai kwanta asibiti ba, ɗayan kuwa sai ya shekara bai yi ciwo mai tsanani ba. Haka kuma akan sami maƙwabta biyu, wannan ya sha ɗanyar madarar shanu ya kwana lafiya, wancan ya sha rabin kofi cikinsa ya yi ta ƙugi har gari ya waye, alhali kuwa dukkansu biyu suna da ƙwayar gadon da ke narkar da madara. To, ina bambancin yake?

Amsar a taƙaice ita ce, mallakar ƙwayar gado daban, yawan aikin da take yi a jiki kuma daban. Shi wannan yawan aiki, akwai haruffan da ke ƙayyade shi a cikin ƙwayar gadon da kuma kewayenta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana waɗannan haruffa da yadda suke aiki, sannan a kawo misalai daga rayuwar mazauna unguwar Sabo ta Ibadan. An kafa wannan unguwa ne a shekarar 1916 domin Hausawa fatake masu cinikin shanu da goro, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. A yau tana nan kusa da Mokola, cike da Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da sauransu, ga kuma auratayya da Yarabawa. Zaɓen Sabo yana da dalili na biyu: birnin Ibadan yana da babban suna a tarihin wannan ilimi, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba.

Mece Ce Ƙwayar Gado?

Jikin ɗan Adam ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, za mu kira su ƙwayoyin jiki. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda aka naɗe shi dami-dami. Kowane dami ana kiran sa kuromosom, kuma mutum yana da guda 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Shi wannan zare rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A da C da G da T. Rabon da mutum ya gada daga kowane ɗaya daga cikin iyayensa ya ƙunshi haruffa kimanin biliyan 3. An fara aikin karance su a 1990, aka sanar da kammalawa a 2003, sauran guntayen da suka gagara kuma aka cike su a 2022.

Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin haɗa wani abu guda, galibi furotin. Furotin su ne ma'aikatan jiki: wani yana ɗaukar iska a cikin jini, wani yana narkar da abinci, wani yana yaƙi da cuta. Irin waɗannan ƙwayoyin gado sun kai kimanin 20,000. Abin mamaki shi ne, haruffan da ake fassarawa zuwa furotin ba su kai kashi 2 cikin 100 na dukkan rubutun ba.

Idan ƙwayar jiki tana bukatar wani furotin, ba ta fitar da ainihin DNA waje. Sai ta kwafi umarnin a kan wani ɗan gajeren zare mai suna RNA, za mu kira shi saƙo. Saƙon ne ke tafiya wurin da ake haɗa furotin, a karanta shi harafi uku-uku. Saboda haka idan masana suka ce ƙwayar gado kaza tana aiki da yawa, suna nufin ana kwafo saƙonni masu yawa daga gare ta, ana kuma samun furotin mai yawa. Ƙwayar hanta da ƙwayar ƙwaƙwalwa rubutu ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne waɗanne shafuka kowace ke buɗewa, kuma sau nawa. Masana biyu 'yan Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka fara nuna yadda ake buɗe ƙwayar gado da rufe ta, a 1961, a jikin ƙwayoyin bakteriya.

Siffofin Da Ke Ƙayyade Yawan Aiki

Na farko shi ne zaure. Kowace ƙwayar gado tana da wasu haruffa a gabanta inda na'urar kwafi ke tsayawa kafin ta shiga, kamar yadda baƙo ke tsayawa a zaure. Na'urar ba ta shiga sai wasu furotin na musamman sun yi mata iso. Kowane mai iso yana da gajeriyar kalmar da yake ganewa, kamar TATA ko GATA, a kanta yake zama. Idan harafi ɗaya ya sauya a cikin kalmar, mai iso ba zai gane wurin zamansa ba, ko kuma ya zauna zaman ɗar-ɗar, sai kwafi ya ragu ko ya tsaya.

Na biyu shi ne tsibiran CG. A mafi yawan sassan DNA ba a cika samun harafin G ya zo nan take bayan C ba. Amma a wasu wurare sukan taru da yawa kamar tsibiri, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na zaurukan ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da irin wannan tsibiri. Ƙwayoyin gadon da ke aiki dare da rana a kowane sashe na jiki galibi suna cikin wannan rukuni. Idan jiki ya manna wani ɗan sinadari mai suna metil a kan waɗannan haruffa na C, zauren yakan rufe, ƙwayar gadon ta yi shiru, ba tare da an goge harafi ko ɗaya ba.

Na uku shi ne zugazugi. Maƙeri ya san cewa gawayi da wuta kaɗai ba sa narkar da ƙarfe sai an zuga. Akwai wasu yankuna na DNA da aikinsu ke nan. Suna iya kasancewa nesa da ƙwayar gadon da suke zugawa da haruffa dubu goma, ko ma miliyan guda, wani lokaci a tsakiyar wata ƙwayar gado daban. Zaren yakan lanƙwaso har zugazugin ya taɓa zaure. Yawancinsu a sashe ɗaya na jiki suke aiki: akwai na hanji, akwai na jini, akwai na ƙashi.

Na huɗu shi ne ciko. A cikin ƙwayar gado akwai guntayen da ake kwafa amma a yanke su a zubar kafin saƙo ya fita. Bincike a 2002 da 2003 ya nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke aiki da yawa, cikonsu yakan zama gajere. Kuskuren harafi a bakin wurin yanka kuwa yana iya lalata saƙon gaba ɗaya.

Na biyar shi ne zaɓin kalma. Da haruffa huɗu ana iya gina kalmomi 64 masu harafi uku-uku, amma tubalan gina furotin 20 ne kawai. Don haka akwai kalmomi masu ma'ana ɗaya, kamar yadda Bahaushe kan ce kuɗi ko 'yan canji. An daɗe ana zaton duk ɗaya ne, har aka gano cewa a jikin ɗan Adam saƙon da kalmominsa suka fi ƙarewa da G ko C yakan fi daɗewa kafin ya lalace, don haka yakan ba da furotin mai yawa.

Na shida shi ne wutsiyar saƙo. Bayan umarnin furotin ya ƙare, akwai sauran haruffa da ba a fassarawa. Idan wutsiyar ta cika da A da U (a cikin RNA harafin U ne ke maye gurbin T), saƙon ba ya daɗewa. A nan ne kuma wasu 'yan mitsi-mitsin RNA ke maƙalewa su rage masa ƙarfi. Waɗanda suka gano su a 1993, Victor Ambros da Gary Ruvkun, sun sami kyautar Nobel a 2024.

Na bakwai shi ne yawan kwafi. Wasu ƙwayoyin gado mutum yakan gaji fiye da biyu, kuma wani ya fi wani yawa. Mai kwafi huɗu zai fi mai uku yawan furotin.

Shin waɗannan siffofi sun isa a yi hasashe da su? A 2020 wasu masana biyu, Vikram Agarwal da Jay Shendure, sun koyar da kwamfuta ta duba haruffan zaure da wasu siffofin saƙo kawai, sai ta iya bayyana kashi 59 cikin 100 na bambancin yawan saƙo tsakanin ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Ragowar yana hannun zugazugai masu nisa da shekaru da abinci da yanayin da mutum yake ciki.

Gudummawar Jinin Ibadan

A watan Oktoba na 2002 aka ƙaddamar da wani shiri na duniya mai suna HapMap, domin zana taswirar wuraren da rubutun mutane ya bambanta. Idan aka jera rubutun mutum biyu, akan sami bambanci a kimanin harafi ɗaya cikin dubu. An karɓi jinin mutum 270 daga wurare huɗu: Tokyo ta Japan, Beijing ta Sin, jihar Utah ta Amurka, da kuma Ibadan. Daga Ibadan mutum 90 ne, wato iyali 30, kowane iyali uwa da uba da ɗansu ko 'yarsu baligi. Masana daga Jami'ar Ibadan da Jami'ar Howard ta Amurka ne suka tuntuɓi jama'a suka nemi yardarsu. An raya fararen ƙwayoyin jinin waɗannan mutane ta yadda za su ci gaba da hayayyafa, aka adana su a cibiyar Coriell da ke jihar New Jersey.

Da waɗannan ƙwayoyi aka yi wasu daga cikin manyan binciken wannan fanni. A 2010 masana a Jami'ar Chicago, ƙarƙashin Jonathan Pritchard da Yoav Gilad, sun ƙirga saƙonnin RNA a ƙwayoyin mutum 69 na Ibadan, suka gwada da rubutun DNA ɗin kowannensu. Suka sami ƙwayoyin gado fiye da 1,000 waɗanda yawan saƙonsu ko yadda ake yanke cikonsu ya danganta da harafin da mutum ya gada. A 2012 suka sake dubawa da mutum 70, suka nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan haruffa suna aiki ne ta hanyar sassauta naɗin zaren ko tsananta shi a daidai wurin da masu iso ke zama. A 2015 kuma aka auna furotin ɗin kansa, aka ga cewa bambancin da ke tsakanin mutane a matakin saƙo yakan ragu kafin ya isa matakin furotin, wato jiki yana da dabarar daidaita lissafinsa.

Muhimmancin wannan ya fito fili ne da aka lura cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na haruffan da aka alaƙanta da cututtuka irin su ciwon sukari da hawan jini suna wajen yankin da ake fassarawa zuwa furotin. Ke nan galibinsu yawan aiki suke taɓawa. Bari mu ga misalai uku da ɗan Sabo ya sani.

Misali Na Farko: Madara Da Nono

Kowane jariri yana da wani furotin a hanjinsa mai suna laktes, wanda ke narkar da sukarin da ke cikin madara. Ƙwayar gadon da ke samar da shi, LCT, tana kan kuromosom na 2. A jikin yawancin 'yan Adam takan rage aiki bayan yaye. Idan babba ya sha ɗanyar madara da yawa, sukarin ya wuce ba a narkar ba, sai kumburin ciki da tusa da zawo su biyo baya.

A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu sun gwada ƙabilun Nijeriya. Suka sami cewa kusan dukkan manyan Yarabawan da aka gwada ba sa narkar da wannan sukari, haka ma mafi yawan Hausawan birni, amma mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da shi. A lokacin ba a san dalilin ba. An yi ta bincikar ita kanta LCT ba a ga komai ba. Sai a 2002 masana a ƙasar Finland suka gano cewa sirrin yana nesa da ita da haruffa 13,910, a cikin cikon wata ƙwayar gado mai suna MCM6. A wurin akwai zugazugi na hanji. Mai harafin C, zugar takan mutu yayin da yake girma. Mai harafin T kuwa, ko da daga ɓangare ɗaya ya gada, zugar takan ci gaba har tsufa.

A 2007 Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka nuna cewa makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu harafin daban a cikin wannan zugazugi. Fulanin Afirka ta Yamma kuwa, binciken da aka yi a Kamaru da Mali da Burkina Faso ya nuna harafin T ɗin nan da aka gani a Turai ne da yawansu ke ɗauke da shi.

Mai karatu zai iya cewa, ai kowa a Sabo yana shan fura da nono ba abin da ke samun sa. Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Yayin da madara ke tsami ta zama nono ko kindirmo, ƙwayoyin bakteriya sukan cinye wani kaso na sukarin, sauran kuma su taimaka wajen narkar da shi a ciki. Cukun nan da ake kira wara a ƙasar Yarabawa shi ma yawancin sukarinsa yakan bi ruwan da aka tace. Wato tun kafin a san DNA, matan Fulani sun samo wa masu harafin C mafita.

Misali Na Biyu: Ƙofar Da Aka Rufe Wa Zazzaɓi

Zazzaɓin cizon sauro iri-iri ne. Wanda ya addabe mu a Nijeriya shi ne falsifarum. Akwai wani mai suna vivax, wanda ya yawaita a Indiya da Kudancin Amurka amma ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. A 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa vivax yana shiga jar ƙwayar jini ne ta wata ƙofa mai suna Duffy, kuma galibin mutanen yankinmu, sama da kashi 90 cikin 100 a wurare da yawa, jininsu ba shi da wannan ƙofa.

A 1995 masana a birnin Paris suka gano dalili. Ƙwayar gadon Duffy tana nan lafiya lau. Harafi ɗaya ne a zaurenta ya sauya daga T zuwa C, a cikin kalmar GATA. Mai ison da ke aiki a jajayen ƙwayoyin jini ya rasa wurin zama, don haka a can ta yi shiru. A wasu sassan jiki kuwa, inda masu iso daban ne, tana ci gaba da aikinta. Kariyar ba cikakkiya ba ce, domin tun daga 2010 an sami masu wannan jini da suka kamu da vivax a Madagaska da wasu ƙasashe, kuma ba ta hana falsifarum ko kaɗan. Gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Wannan harafi yana da wani tasiri da ya kamata a sani. Masu shi sukan nuna ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini a gwaji, alhali lafiyarsu ƙalau. Idan likita ya auna su da ma'aunin da aka tsara bisa jinin Turawa, yana iya zaton cuta ce.

Misali Na Uku: Amosanin Jini

A nan ne maganar ta fi nauyi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Tushen ciwon harafi ɗaya ne a kan kuromosom na 11: kalmar GAG ta koma GTG a cikin umarnin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini. Duk mai SS wannan harafi gare shi, daga Ibadan har Maraɗi. Me ya sa tsananin ciwon ya bambanta?

A 1948 wata likitar yara a New York mai suna Janet Watson ta lura cewa jinin jarirai sababbin haihuwa ba ya lanƙwashewa kamar na manya. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, wanda ke hana lanƙwashewar. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe ƙwayar gadon na tayi ya buɗe ta manya, shi ya sa ciwon kan fara bayyana bayan wata shida. Amma rufewar ba ta zama daidai ga kowa. Babba mai lafiya yakan rage da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na himogulobin tayi. Tsakanin masu sikila kuwa, wani yana da kashi 2, wani 20, kuma mai yawa galibi ya fi samun sauƙi da tsawon rai.

Haruffan da ke ƙayyade wannan suna wurare uku. Na farko yana zauren ƙwayar gadon himogulobin tayi, haruffa 158 kafin farkonta. Masu sikila na Senegal da na gabashin Saudiyya da Indiya galibi suna da T a wurin, don haka nasu yakan yi yawa. Nau'in da ya fi yawa a Nijeriya, wanda masana ke kira na Benin, ba shi da wannan harafi. Wuri na biyu yana kan kuromosom na 6. Na uku, wanda aka gano a 2007 da 2008, shi ne BCL11A a kan kuromosom na 2. Aikinta shi ne samar da furotin ɗin da ke kulle ƙwayar gadon tayi. A 2013 masana a Boston, ƙarƙashin Stuart Orkin, suka gano cewa bambancin yana cikin wani zugazuginta da ke aiki a jini kaɗai. Wanda ya gaji zugazugi mai rauni, makullinsa ba ya kamawa sosai, sai himogulobin tayi ya yawaita.

Yawan kwafi ma yana da hannu. Mutum yakan gaji kwafi huɗu na ƙwayar gadon ɗaya ɓangaren himogulobin, wanda ake kira alfa, amma da yawa daga cikin 'yan Nijeriya uku ko biyu suke da su, kuma hakan yana sauya yanayin ciwon. Farfesa Adeyinka Falusi ta Jami'ar Ibadan tana cikin waɗanda suka yi fice a binciken wannan, har ta sami kyautar L'Oréal da UNESCO a 2001.

Wannan ilimi ya haifar da magani. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy. Wannan magani ba ya gyara harafin sikila. Ana ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a lalata zugazugin BCL11A, a mayar masa, sai jikinsa ya koma samar da himogulobin tayi. Farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, abin da ya fi ƙarfin kowane gida a Sabo. Amma akwai wata tsohuwar ƙwaya mai araha, haidiroksiyuriya, wadda ita ma take ɗaga himogulobin tayi. Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi tare da Jami'ar Vanderbilt, wanda aka buga a 2022, ya nuna amfaninta wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ba a shan ta sai da umarnin likita da gwajin jini a kai a kai. Ga mazauna Sabo, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, yana nan kusa da su.

A nan akwai gargaɗi. Kada masoya biyu masu AS su ce za su yi aure da fatan ɗansu zai gaji zugazugi mai rauni. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, kuma gwajin da ake yi kafin aure ba ya nuna tsananin ciwon da zai zo. Ko mai himogulobin tayi da yawa ma yana shan wahala. Jihar Kano ta mayar da wannan gwaji doka a 2024, kuma rigakafi ya fi magani.

Ina Matsayin Mutanen Sabo?

Sharaɗin shiga shirin HapMap a Ibadan shi ne kakannin mutum huɗu su kasance Yarabawa. Saboda haka ba Bahaushe ko Bafulatani ko ɗaya a cikin mutum 90 ɗin nan. Shirin da ya biyo baya na karance rubutun mutum dubu ya ƙara da Esan na Nijeriya da wasu al'ummomin Gambiya da Saliyo da Kenya, nan ma ba Hausawa. Wani ƙiyasi na 2019 ya nuna kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 2. Ga shi kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin haruffa. A 2020 shirin H3Africa ya karance rubutun mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya tarar da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Misalin madara ya isa ya nuna illar wannan giɓi. Da za a ɗauki sakamakon Yarabawan Ibadan a ce shi ne na duk mazauna birnin, da an yi kuskure a kan mai tallar nonon da ke zaune a bakin titin Sabo. Ita ma kwamfuta ba ta cike giɓin ba tukuna. A 2023 an gwada Enformer, manhajar da kamfanin DeepMind ya fitar a 2021, aka ga ta ƙware wajen bambanta wannan ƙwayar gado da waccan, amma tana yawan kuskure idan aka ce ta bambanta wannan mutum da wancan. Gyaran wannan yana bukatar bayanan mutane iri-iri, waɗanda suka ba da jininsu da saninsu da yardarsu.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa ƙwayar gado ba ta aiki ita kaɗai. Zaure da tsibiran CG da zugazugi da ciko da zaɓin kalma da wutsiyar saƙo da yawan kwafi, su ne ke ƙayyade ko za ta yi aiki kaɗan ko da yawa, a wane sashe na jiki, kuma a wane lokaci na rayuwa. An kuma ga yadda harafi ɗaya a irin waɗannan wurare ke raba mai shan madara da mai gudunta, yake rufe wa zazzaɓi ƙofa, yake kuma sassauta wa mai sikila.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe. Ba wanda zai ba da jininsa da zuciya ɗaya a kan abin da ba a fahimtar da shi ba, kuma uwar da ke jinyar mai sikila ba za ta tambayi likita yawan himogulobin tayi na ɗanta ba idan ba ta taɓa jin sunansa da harshenta ba. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su zaure da zugazugi da ciko, shawara ce kawai. Ya kamata ɗaliban Hausa su zauna da takwarorinsu na sashen likitanci su tace su, sannan a kai su masallatan Sabo da makarantun Islamiyya da gidajen rediyo, inda masu bukatar wannan bayani suke.